Mu Ma Haka Aka Yi Mana

A layinmu ba sai ka duba agogo ba za ka san bakwai na safe ta yi. Da ka ji gida uku sun kaure da kuka a lokaci guda, shirin makaranta ake yi. Nan ana neman safa ƙafa ɗaya, can an kifar da koko a kan yunifom ɗin da aka goge tun daren jiya, can gaba kuma wani ya tuna yanzun nan cewa malam ya ce a zo da kuɗin jarrabawa. Sai ka ji dim! Dundu ke nan ya sauka a gadon baya. Mai kunne har gidan da ya fito yana iya ganewa, don kowace uwa da nauyin hannunta.

Mu dai a sha'anin yara, hannunmu ya fi hankalinmu sammako. Kafin zuciya ta ce a tsaya a ji ba'asi, hannu ya je ya dawo. Kayan aiki kuwa ba mu rasa su ba. Akwai ranƙwashi na tsakar ka, akwai mintsini na cinya da ake ajiye wa gidan biki inda ba a son baƙi su gani, akwai murɗe kunne, ga silifas da ake wurgowa daga bakin murhu ya sha kwana ya sami mai laifi a bayan randa. Dorina da tsumagiya sun tsufa, wayar caja ta karɓi aikinsu. In ka tambayi ɗayanmu ranar da ya zauna ya yanke shawarar cewa da haka zai reni 'ya'yansa, kallonka kawai zai yi, domin ba wanda ya taɓa zama. Daga bakin layi har ƙarshensa amsar guda ce: "Mu ma haka aka yi mana, ga mu nan ba mu lalace ba." Wanda ya fi kowa ɗaga murya wajen faɗar haka a majalisarmu shi ne mutumin da ba ya iya neman ruwan alwala a gidansa ba tare da maƙwabta sun ji ba. Amma a bar wannan.

Abin da ke ba ni dariya, irin dariyar da ba ta kai ciki, shi ne kotun gidajenmu ba ta da kundi. Laifi ɗaya, hukunci goma. Yaro ya fasa kofi ranar da albashi ya shigo, sai ka ji, "Kai, yi a hankali mana, bai yanke ka ba ko?" Ya fasa irin kofin nan ranar ashirin da biyar ga wata, an ɗauke wuta, mai kanti ya aiko karo na biyu, to ranar sai gidan baya sun san an yi ɓarna. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 nake zargin gadon bayan yaran unguwarmu yana cikin masu biyan kuɗin. Oga ya yi wa maigida tsawa a wurin aiki, maigida ya dawo ya sauke a kan gishirin miya, uwargida ta juye wa Yaya Babba, Yaya Babba ta juye wa Auta, Auta ya fita waje ya shuri akuyar maƙwabta.

Hukuncin ma tsadar abin da ya lalace yake bi. Yaro ya zagi almajiri a ƙofar gida, mu ce "kai, bari mana" ko kai ba mu ɗago ba. Waya ta suɓuce daga hannunsa gilashinta ya tsage, sai a turo ƙofa a sa sakata. Shi kuwa yana lissafinsa a zuci, ya gano cewa a gidan nan gilashin waya ya fi mutuncin almajiri.

Shi ya sa yaranmu suka ƙware a karatun fuska tun kafin su iya karatun allo. Daga yadda aka kashe babur a zaure, daga tsawon sallama ko gajartarta, sun san yau ranar tambayar kuɗin littafi ce ko ranar shigewa ɗaki. "Abba ya dawo!" Nan take talabijin ta mutu, kowa ya rarumi littafi, har da wanda ya riƙe nasa a juye. Mu shigo mu tarar da gida tsit, mu ji daɗi, gobe mu je majalisa muna cewa yaranmu akwai ladabi. Alhali abin da suka haddace shi ne yanayinmu, da kuma lokutan da ba ma kallo.

Sai ƙarya, wadda kowannenmu zai rantse maka ita ya fi tsana a duniya. Mai bin bashi ya yi sallama, mu raɗa wa yaro, "Je ka ce ba na nan." Bawan Allah ya fita ya ce, "Wai ya ce ba ya nan." Ya dawo ya sha ranƙwashi saboda bai iya ƙaryar da kyau ba. Uwa za ta fita unguwa, ƙaramin ya maƙale mata a mayafi, ta ce, "Maza ɗauko takalminka mu tafi." Kafin ya fito da takalmin ta kai titi ta hau Adaidaita Sahu. Kuɗin barka da salla kuwa, "kawo in ajiye maka", ban taɓa jin wanda ya karɓi ajiyarsa ba, ni ma ina bin Inna bashin shekaru. Babbar cikinsu ita ce, "Faɗa mini gaskiya, wallahi ba zan dake ka ba." Ya faɗa, a dake shi. Yaro mai wayo sau ɗaya ake yi masa wannan.

Limaminmu ya taɓa kawo hadisin Abdullahi bin Amir wanda Abu Dawuda ya ruwaito. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana zaune a gidansu, uwar yaron ta kira shi ya zo ta ba shi wani abu. Annabi ya tambaye ta abin da za ta ba shi, ta ce dabino ne. Ya sanar da ita cewa da ba ta ba shi komai ba, da an rubuta mata ƙarya. Masallaci ya yi tsit, ana ta gyaɗa kai. Muna fitowa wani ya ce wa ɗansa da ya biyo shi da kuka ya koma gida, yanzu zai sayo masa alewa ya dawo. Ya hau mota ya wuce kasuwar Kwari, sai magariba.

Haka muke da tsoratarwa. Dodo, ɗan sanda, mahaukacin bakin kasuwa, sai uwa uba "zan kai ka a yi maka allura". Ranar rigakafi mutum uku ke danne shi, uwar tana ba ma'aikaciya haƙuri tana cewa ita ma ba ta san inda ya samo wannan tsoro ba.

Baki ma ya fi hannun aiki. Ba wanda ya kai mu imani da albarkar iyaye. Ɗan kasuwa ba ya buɗe sabon shago, amarya ba ta fita daga gida, ɗalibi ba ya shiga jarrabawa, sai an sa albarka. Mun yarda bakin uwa kaifi gare shi. Amma wannan bakin dai shi ne daga safe zuwa dare yake cewa jaki, daƙiƙi, ɗan banza, kai dai ba za ka taɓa yin hankali ba. Uba ya ware yatsu biyar ya yi wa ɗan cikinsa daƙuwa ya ce "ubanka", bai ko tsaya ya tuna wane ne uban ba. Hadisin da Muslim ya ruwaito daga Jabir ya hana mutum yi wa kansa da 'ya'yansa da dukiyarsa mummunar addu'a, kada ta dace da sa'ar karɓa. Duk mun san shi. In an tuna mana sai mu ce ai a baki ne kawai, bai kai zuci ba. Ɗan shekara shida dai ba shi da hanyar leƙa zuci, abin da kunnensa ya ji shi ne labari.

Maganar ta taɓa ɗaukar zafi a majalisa, tsakanin tsohon hedimastanmu da Alhaji mai shagon siminti. Malam mutum ne mai son lamba, rediyonsa ba ya rabuwa da kafaɗarsa. Ya kawo binciken da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta yi a 2014 tare da UNICEF, wanda ya nuna kusan yara shida cikin goma a Nijeriya suna gamuwa da wani nau'in cin zarafi kafin su kai shekara 18, rabin yara kuwa na jiki ne. Ya ce ƙasar Suwidin ta haramta dukan yara ko a gida tun 1979. Ya ƙara da aikin Elizabeth Gershoff da Andrew Grogan-Kaylor na Amurka, waɗanda a 2016 suka tattara binciken shekara hamsin da ya shafi yara sama da 160,000. Ba su ga inda duka ya gyara hali ba. Abin da suka ga yana tafiya tare da shi shi ne ƙarin faɗa, taurin kai da damuwar rai.

"Malam, ai wannan na yaran Turawa ne," in ji Alhaji. "Namu in jiki bai ji ba, kunne ba ya ji. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi."

"Alhaji, shekara talatin da biyar ina riƙe da bulala a makaranta. Yaran da na doka a aji ɗaya, su ɗin dai nake duka a aji shida. Da tana magani ai da sun warke tun a aji biyu."

Alhaji ya ga ta nan ba hanya, ya koma ta addini. Ya ce ai hadisi ne ya ce a daki yaro a kan salla in ya kai shekara goma. Liman, wanda tun ɗazu shayinsa kawai yake kurɓa, ya ajiye kofi ya ce, "Alhaji, daga tsakiya ka faro karatun." Ya ce farkon hadisin umarni ne a fara sa yaro salla yana ɗan shekara bakwai. Tsakanin bakwai da goma shekara uku ce, salla biyar kullum, wato tunatarwa sama da sau 5,000 kafin a zo maganar hannu. Kuma wannan a kan salla ne, ginshiƙin addini, ba a kan kofin shayi ba. Malaman fiƙihu ma da suka yi bayani sun kafa sharuɗɗa: ban da fuska, ban da rauni, ban da barin tabo. Sannan ya tuna mana Anas bin Malik, wanda ya yi wa Annabi (SAW) hidima shekara goma tun yana yaro, ya kuma ba da shaida, a ruwayar Buhari da Muslim, cewa ko sau ɗaya bai taɓa yi masa tsaki ko ya tuhume shi don me ya yi kaza ko ya bar kaza ba. Mai shayi ya ce, "Allah Ya gafarta Malam, ni ko shekara goma ba na nema, in na yi wuni ɗaya ma na gode." Aka yi dariya aka tashi sallar magariba, kowa da ra'ayin da ya zo da shi.

Kada wani ya ɗauka ina cikin masu cewa a sakar wa yaro linzami. Akwai wata sabuwar al'ada a gidajen da suka ɗan samu, ita ma ba tunani a cikinta. Yaro ya fara rigima, a ce "ungo waya, yi shiru". Ya yi birgima a kanti, a saya masa abin da ya nuna. Ya mari 'yar aiki, a ce ai yaro ne. Masu wannan suna ganin sun waye sun bar mu a baya, amma abin da mai dundu ke nema shi mai miƙa waya ke nema: a yi shiru yanzu-yanzu, in huta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019 cewa kada a zaunar da jariri gaban allon waya ko talabijin sam, ɗan shekara biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce awa ɗaya a rana. A wasu gidajen layinmu awa ɗayar ta ƙare tun kafin a sauke ruwan shayi.

Wayar ma ba ta hannun yaron kaɗai ba ce matsala. Wani masani a Amurka, Edward Tronick, ya yi wani gwaji a shekarun 1970. Uwa tana wasa da jaririnta, sai a ce ta daskarar da fuskarta na ɗan lokaci, ba murmushi ba ɗaure fuska. Jaririn ya yi mata murmushi, ya miƙa hannu, ya yi ƙara, in duk bai sami amsa ba sai ya kau da kai ya ɓarke da kuka. Mu yanzu kullum muna maimaita gwajin nan a falo ba tare da wani ya biya mu ba. "Abba, ka ga abin da na zana." "Uhm." "Abba, ka gani." "Na ce uhm!" A karo na biyar ya ja wayar, ya sha mari, a ce ba shi da kunya.

To amma mu koma kan "haka aka yi mana", don a nan nake ganin muka yi wa kanmu rabin labari. Gaskiya ne an dake mu. Sai dai a wane gida? A gidan da ke da sassa biyar ko shida, da kaka a ɗakinta na ƙurya. Duk wanda ya tashi a irin gidan nan ya san hanyar ɗakin kaka ko ido a rufe. Da ka kai bayanta shari'a ta ƙare, ba ɗan da zai miƙa hannu ta kan uwarsa ya kamo ka. Ita ce mai kiran ka "mijina" ko "kishiyata", mai yi maka tsiya kana ramawa, mai ƙulle maka ƙuli-ƙuli a bakin zane. Akwai kawu da za ka faɗa wa abin da ba ka iya faɗa wa uba, akwai goggo da za ta zo ta tafi da kai kwana biyu har ƙura ta lafa. Akwai kuma maƙwabci. Da an ji kuka ya yi tsawo sai ka ji sallama: "Haba Malam, a yi haƙuri, ya ci albarkacina." Sau da yawa uban ma jiran mai ceton yake yi, don ya sami hanyar ajiye bulala ba tare da girmansa ya faɗi ba.

Da dare kuma akwai tatsuniya. A can ne Gizo ke yin haɗama ya ga ƙarshenta, marainiya mai ladabi ta dace, 'yar bora da 'yar mowa kowacce ta girbi halinta, duk ba a taɓa jikin kowa ba. Da rana ɗa yana gindin ubansa, a maƙera yana zuga, a karofin Ƙofar Mata yana miƙa shuni, a gona yana bin kunya. Yana ganin yadda uban ke ciniki, yadda yake gaida manya, yadda yake haɗiye fushi in abokin ciniki ya ɓata masa rai. Faɗan minti biyu yana zuwa ne a cikin wuni guda na zama tare.

Ko kunyar ɗan fari da muke taƙama da ita tana da abokan tafiya. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta wasa da shi a gaban mutane, amma akwai hannu goma da ke jiran ɗaukarsa, kuma sau da yawa daga yaye wajen kaka ko goggo yake komawa riƙo. Baba ta Karo, tsohuwar nan ta ƙasar Zazzau da Mary Smith ta rubuta tarihinta daga bakinta, littafin ya fito a 1954, ba ta taɓa haihuwa ba, amma ta reni 'ya'yan dangi ta aurar. Haka tsarin yake, abin da uwa ta hana saboda kunya wata uwar ta biya.

Yau fa? Ɗaki biyu da falo a gidan haya, ko gida mai get da katanga da waya a kanta. Kaka tana ƙauye, sai ta waya. Maƙwabci in ya ji kuka sai ya ƙara muryar talabijin, don in ya shiga za a ce masa ina ruwansa. Uba ya fita bayan asuba ya dawo bayan isha, aikinsa a gida ya koma na alƙali: "Bari Abbanku ya dawo." Da muka tashi ƙaura daga babban gida, bulalar muka sa a kaya, kakar da maƙwabcin da tatsuniyar muka baro su a can. Har kunyar mun taho da ita, ba mai biyan abin da ta hana. Akwai uba a layinmu da zai iya lissafa maka duk kuɗin makarantar da ya biya tun daga nazare, amma bai tuna ranar da ya dafa kan ɗansa ba tare da laifi ya haɗa su ba. Aƙra'u bin Habis ma haka ya yi taƙama, da ya ga Annabi (SAW) ya sumbaci jikansa Hasan: ya ce 'ya'yansa goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba. Amsar da ya samu ita ce wanda ba ya jin ƙai ba a jin ƙansa.

Akwai ma abubuwan da muke hukunta yaro a kansu alhali ba a hannunsa suke ba. Mai fitsarin kwance a ɗora masa tabarmarsa a ka, yara su bi shi da waƙar tsiya, wasu har kwaɗo ake ɗaura musu a ƙugu. Likitoci kuwa sun ce kusan 15 cikin 100 na 'yan shekara biyar suna yi, yawanci su daina da kansu, kuma abin yana bin jini, don haka uban da ke riƙe da bulala ya fara tambayar Inna tarihinsa. Mai in'ina a daka masa tsawa ya yi magana da sauri, harshen ya ƙara sarƙewa. Marin da muke ɗauka ƙaramin abu, masu duba kunne a asibiti sun san yana fasa dodon kunne. Sashen ƙwaƙwalwar da ke bayan goshi, mai taka wa mutum birki, ba ya gama nuna sai wajen shekara 25. Dokar kare haƙƙin yara tana nan tun 2003 a tarayya, Kano ma ta sa hannu a tata a 2023, amma ban ga wanda ya taɓa kawo zancenta a majalisa ba, kuma ba na jin ita ce za ta shiga tsakanin uwa da silifas ɗinta.

Akwai dai mace ɗaya a layin da mata suka sa wa suna Baturiya. Matar tela ce, awara take soyawa da yamma, ko sakandare ba ta gama ba. Laifinta shi ne ita da mijinta sun zauna sun ware abubuwan da ba sa ɗaga ƙafa a kansu: ƙarya, ɗaukar abin wani, da cin zalin na ƙasa. Sauran, irin su fasa kwano da ɓata riga, wanda ya ɓata ya gyara, shi ke nan. In ranta ya ɓaci sosai sai ka ji ta ce, "Je ka jira ni a ɗaki." Ta ɗauki buta ta yi alwala, ko ta nemi kujera ta zauna, don ta ji a Islamiyya cewa mai fushi in yana tsaye ya zauna, in bai huce ba ya kishingiɗa. Surukarta ta gaji da gani ta ce mata sangarta yara take yi. Ta ce, "Inna, in na dake shi raina a ɓace, kaina na rama wa. Bari in huce in ga ko laifin yana nan." Ba ta ce hannunta bai taɓa suɓucewa ba, yaranta kuma ba waliyyai ba ne.

Kwanaki tagwayenta suna ƙwallo suka fasa madubin motar Alhaji mai siminti. Duk layi aka kasa kunne ana jiran kuka, shiru. Can sai ga ta ta taso ƙeyarsu, kowanne rungume da asusunsa na ƙasa. Suka durƙusa suka faɗi abin da suka yi da bakinsu, aka fasa asusun a gaban Alhaji. Alhaji ya rasa inda zai sa kansa, ya ce, "Haba Maman 'Yan Biyu, ki ɗan zane su mana a wuce wurin." Ta ce, "Alhaji, in na zane su madubin zai koma?" Daga baya an ji ɗaya daga cikinsu yana gaya wa abokinsa cewa shi da dukan aka yi masa da ya fi, don duka yanzu ne a gama, asusun kuwa tun ƙaramar salla yake tarawa zai sayi takalmin ƙwallo. Masu cewa hanyarta sassauci ce ba su tambayi tagwayen ba.

Wani abin nata da ya fi tayar da ƙura a gidan suna shi ne an ce tana ba yara haƙuri in ta zarge su a kan abin da ba su yi ba. Mata suka riƙe haɓa. Mu ai ba ma yin wannan. In mun daki yaro a kan kuɗin da suka ɓace, daga baya kuɗin suka fito daga aljihun wata rigar, abin da za ka ji shi ne, "Zo ka ɗauki abincinka." In ya buɗe ya ga tsoka biyu maimakon ɗaya, to an ba shi haƙuri ke nan, ya fahimta ko kada ya fahimta.

Ban manta da cewa natsuwa ma tana da tsada ba. Macen da ke da yara bakwai a ɗaki ɗaya, ba ruwa a famfo, ga goyo ga tukunya a wuta, miji ya tafi ci-rani Legas, ba ni da bakin da zan ce mata ta nemi kujera ta zauna ta huce. Wadda ya kamata a yi wa magana a nan ba ita ba ce. Mu ne, maza, da muke cewa ba mu da lokaci, amma daga la'asar zuwa isha muna kan benci muna raba wa Arsenal 'yan wasa muna naɗa gwamnan 2027.

Alhaji mai siminti dai har yau bai sauka daga ra'ayinsa ba, dorinarsa ma tana nan rataye a zaure. Sai dai babban ɗansa ya dawo kusa da shi da zama, da jika ɗan shekara huɗu wanda ya riga ya yaga masa littafin bashi ya kuma zuba masa ƙasa a tankin janareto. Ranar janareton uban yaron ya zaro bel, yaron ya sheƙa ya shige cikin babbar rigar kakansa.

"Kul ka taɓa shi!" in ji Alhaji. "Wai ku yaran yanzu ba ku da haƙuri ne? Me ya sani?"

"Baba, ni fa a kan murfin biro ka taɓa ɗaure ni a turken rago."

"Kai ai ba ka ji ne. Wannan kuwa yaro ne."